Takardun shaidar bita bakwai, aiki babu ko ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 27, a Kano nake. Cutar shan-inna ta taɓa ni tun ina 'yar shekara uku, ƙafata ta hagu ba ta ɗaukata, da sanduna nake tafiya, in wurin da nisa kuma in hau kekena. Na yi babbar difloma a fannin akanta, na yi hidimar ƙasa, yau shekara uku ke nan ina zaune a gida. A cikin shekarun nan ƙungiyoyin da ke taimaka wa masu buƙata ta musamman sun kira ni bita har sau bakwai. Sabulun ruwa kaɗai sau biyu aka koya mini, ga man shafawa, ga jakar duwatsu, ga turaren wuta. Kullum a ba mu abinci, a ba mu kuɗin mota, a ɗauke mu hoto, a miƙo takardar shaida, shi ke nan sai wata shekara. Sau biyu aka kira ni intabiyu. Na farko a hawa na biyu ne, kafin in gama hawa matakala jikina duk rawa yake. Na biyu kuwa manajan yana ganina ya zaro naira dubu biyu ya ba ni, ya ce Allah ya ba da lafiya. Yanzu wani mutum da ya ce shi jami'in wata ƙungiya ne ya ce in kawo naira dubu 250 ya sama mini gurbi a cikin kason da gwamnatin tarayya ta ware mana. Mahaifiyata na so ta sayar da 'yan kunnenta na gwal. Yayana kuma ya ce in bar wahalar da kaina, zai sa mini tebur a ƙofar gida in riƙa harkar POS. Anti, in biya kuɗin? In daina zuwa wurin ƙungiyoyin nan? Kuma in riƙa faɗin lalurata a takardar neman aiki ko in yi shiru?

Daga 'yarki a Kano.

Wa alaikumus salam 'yata.

Kafin komai, ki je ki ce wa Umma ta mayar da 'yan kunnenta cikin adaka ta kulle. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani, shi ya sa na fara da shi. Kason da mutumin yake miki romon baka da shi gaskiya ne akwai shi a doka, amma ba a hannunsa yake ba, kuma ba na sayarwa ba ne. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su tabbatar aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu lalura ne. Sai dai masu rubuta dokar sun saƙala wata 'yar jimla a wurin, suka ce a yi hakan gwargwadon iko, kuma ta wannan kafa mafi yawan ma'aikatu suke zillewa. To ki duba: abin da hukumar da aka kafa musamman domin wannan doka a 2020 take ta fama da ma'aikatu a kansa, shi ne wani zai ciro miki daga aljihunsa a kan dubu 250? Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya idan za ta ɗauki mutane tana sanarwa ne a fili, a cike fom ta intanet, ba a biyan ko kwabo. Masu irin wannan sana'a sun san inda ke muku ƙaiƙayi, sun san kalmar "kaso" tana sa zuciya ta tsinke. Wasu har takardar kama aiki sukan buga da tambari da sa hannu, sai mutum ya ɗauki jaka ya tafi Abuja a ce ba a san da zamansa ba. Idan kina so ki gwada shi, ki ce ya ba ki cikakken sunan ƙungiyar da lambar rajistarta, ki duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sannan ki ce za ki zo ofishinsu da yayanki ku biya a asusun ƙungiya a ba ku rasit. Ina kyautata zaton daga ranar wayarsa za ta daina shiga.

Yanzu mu zo kan bitocin nan bakwai, domin a nan maganar take.

Na yi dariya da na karanta cewa sabulun ruwa sau biyu aka koya miki, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mace da babbar difloma a lissafin kuɗi, a zaunar da ita a koya mata dama sinadari a bokiti. Ba raina sabulu nake ba, akwai matan da da shi suke ciyar da marayu. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya tambaye ki me kika karanta kafin ya rubuta sunanki. An ga sanduna, an sa ki a layi.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa abin yake haka, don kada ki ɗauka duk mugunta ce. Mafi yawan ƙungiyoyin nan ba su da kuɗin kansu. Suna rubuta takardar neman tallafi ne ga masu ba da agaji, a ba su kuɗin aikin wata shida ko shekara guda, a ƙarshe kuma su kai rahoto. Rahoto kuwa ƙidaya yake so. Bitar kwana uku tana ba da mutum 200 a takarda, ga hotuna, ga jerin sunaye da sa hannu. Sama wa mutum ɗaya aikin albashi kuma yana iya cin wata takwas: a je wurin mai kamfani, ya ce a dawo, a koma, ya ce zai yi shawara, a lallashe shi ya sauko da tebur ƙasa, a ci gaba da leƙawa bayan an fara aiki. A ƙarshen shekara jami'in da ya yi wannan wahala mutum goma sha biyu zai rubuta, abokinsa mai bitar sabulu ya rubuta ɗari biyar. Wa kike jin za a sake ba kuɗi? Ke kanki akanta ce, kin san yadda lamba take rufe gaskiya.

Saboda haka ba zan ce ki daina zuwa wurin ƙungiyoyi ba. Cewa zan yi ki daina zuwa a matsayin wadda aka gayyata ta cika kujera. Ƙungiyar da za ta amfane ki a halin da kike ciki ita ce wadda ta san ƙofar masu ɗaukar aiki, kuma take shirye ta raka ki har bakin ƙofar. Wadda ba ta san kowa ba sai mai otal ɗin da ake yin bita da mai dafa abinci, ko da niyyarta ta kai madara fari, ba ta da abin da kike nema. Gane su ba wuya. Duk wadda ta sake kiran ki, ki tambayi jami'in cikin ladabi: a cikin waɗanda kuka horar bara, mutum nawa ne yanzu suke karɓar albashi, kuma a ina? Za ku iya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu mu yi magana? Wanda yake aikin gaske zai ji daɗin tambayar, har ya fara lissafo miki sunaye, domin ba kullum yake samun mai tambayarsa abin da yake alfahari da shi ba. Wanda kuma ya fara miki bayanin "wayar da kai" da "ƙarfafa gwiwa", ki gode masa. In kuɗin motar zai yi miki amfani ranar, ki je ki karɓa, ba haramun ba ne, amma ki san abin da kika je yi.

Irin waɗannan na gaske akwai su, ko da yake ba su da yawa, kuma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Ƙungiyar Sightsavers, wadda take da ofis a Kaduna, mutane sun fi saninta da aikin ido, amma a 2019 ta jagoranci wani shiri mai suna Inclusion Works a Najeriya da Kenya da Uganda da Bangladesh, wanda aikinsa shi ne haɗa masu lalura da kamfanoni masu biyan albashi, tare da koya wa su kamfanonin yadda za su karɓe su. Shiri ne mai wa'adi, amma kamfanonin da suka shiga ciki suna nan, kuma akwai wata haɗakar kamfanoni da ake kira Nigeria Business Disability Network da ta ɗauki wannan magana. A Legas akwai Project Enable Africa da ke horar da matasa masu lalura aikin kwamfuta da haɗa su da wuraren aiki, kuma da yawa daga sanarwarsu ta intanet take fita. Kusa da ke kuma akwai reshen jiha na JONAPWD, uwar ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Ita ba kamfanin sama wa mutane aiki ba ce, kada ki je da wannan zato. Amfaninta shi ne idan wata ma'aikata ko wani shiri yana neman sunayen masu lalura da suka yi karatu, yawanci can ake fara aikawa. Ki kai musu takardunki, ki tabbatar an rubuta ki a matsayin akanta, ba a cikin jerin masu jiran buhun shinkafar azumi ba. Ki riƙa leƙawa. Takarda a durowa ba ta tuna wa kowa da kanta.

Kada kuma ki manta da ƙungiyar waɗanda shan-inna ta taɓa da ke nan Kano, wadda aka san Aminu Ahmed Tudun Wada da jagorancinta. Su da kansu suke ƙera kekunan guragu, suna walda, suna koya wa yara sana'a maimakon bara. Shi ma Ayuba Gufwan, wanda aka naɗa shugaban hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2024, shan-inna ce ta taɓa shi, kuma daga irin wannan aiki na ƙera kekuna a Jos ya fito. Na kawo su ne don ki lura da abu ɗaya: duk wurin da ake sayen ƙarfe, ake biyan leburori, ake karɓar tallafi, akwai littafin kuɗi da ke buƙatar mai riƙewa. Su kansu ƙananan ƙungiyoyin da suke kiran ki bita, babban abin da ke hana su samun tallafi mai kauri shi ne rashin tsayayyen lissafi, domin masu ba da kuɗi ba sa wasa da rasit. Sau bakwai kina shiga ta ƙofar masu amfana. Ki gwada shiga ta ƙofar ofis, ki ce wa shugabar ɗaya daga cikinsu: Hajiya, ni akanta ce, ku ba ni wata uku in daidaita muku littattafanku. Ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba, za ki fita da abin da takardunki bakwai ba su ba ki ba, wato sunan wurin da kika yi aiki da lambar wanda zai tsaya miki shaida.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona, don ki san abin da ke cikin zuciyar wanda yake zaune a ɗaya ɓangaren teburin. Na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wata makaranta mai zaman kanta. Wani saurayi ya zo a keke, ya fi kowa amsa tambayoyi. Da ya fita, sai mai makarantar ya yi shiru, can ya ce, "Ni ba ƙinsa nake ba. Amma in na ɗauke shi ya kasa, yaya zan yi in sallame shi? Gari zai ɗauka na zalunci gurgu." Ba mu ɗauke shi ba, kuma har yau abin yana damuna, domin ni ma ban ce komai ba ranar. Amma na koyi wani abu. Sau da yawa ba ƙiyayya ce take rufe ƙofar ba, tsoro ne: tsoron kashe kuɗin gyaran gini, tsoron za ki riƙa makara ko yawan zuwa asibiti, da wannan tsoron na cewa an ɗauko abin da ba za a iya ajiyewa ba. Mai ɗaukar aiki ba zai taɓa faɗa miki waɗannan a fuska ba, kunya ba za ta bar shi ba. Aikin ƙungiya ta gari ke nan, ta zauna da shi a bayan idonki ya amayar da tsoronsa, ta nuna masa cewa abin da ake buƙata bai wuce tebur a ƙasa da ɗan gangaren siminti a bakin ƙofa ba. Idan ba ki samu mai yi miki wannan ba, to ke za ki yi wa kanki. Kafin ya tambaya ki ce: ranka ya daɗe, lalurata a ƙafa take, ba ciwo ba ne mai tashi, ba na kwanciya asibiti saboda ita. Ga yadda nake zuwa wuri a kan lokaci. Ku gwada ni wata uku, in ban yi muku ba ku sallame ni kamar yadda za ku sallami kowa. Wannan jimla ta ƙarshe tana sauke wa mutum dutse daga ƙirji fiye da yadda kike zato.

Wannan ya kawo mu ga tambayarki ta uku. A wurin gwamnati, da manyan ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin da suka rubuta a sanarwarsu cewa suna maraba da masu lalura, ki faɗa tun a fom, domin a nan faɗin riba ne, kuma kason ba zai same ki ba in ba a san kina cikinsa ba. Yana da kyau ki nemi takardar shaidar lalura ta hukumar ƙasa ki ajiye saboda irin wannan rana. A wurin ɗan kasuwa ko ƙaramin kamfani kuwa, ban ga dalilin sa wa a takardar neman aiki ba. Takardar ta yi maganar abin da kika iya. Amma ranar da aka kira ki intabiyu, ki faɗa a wayar nan take: ina amfani da sanduna, ofishin a ƙasa yake ko a sama? In a sama ne, ko za a iya ganina a ƙasa? Ba roƙo ba ne wannan. Dokar da na ambata ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyar shigarsu, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024, ko da yake in kin zaga gari ba za ki ce an taɓa yin dokar ba. Abin da nake guje miki shi ne ki sake isa gaban masu tambaya kina haki, gumi ya jiƙa miki mayafi, su kuma suna kallon sandunan maimakon su saurare ki.

Shi kuwa manajan dubu biyu, Allah ya shirye shi. A ransa alheri ya yi, abin takaicin ke nan. Mun taso a al'ummar da ta san yadda ake ba mai lalura sadaka, har sarautu muke da su na sarkin makafi da sarkin guragu, amma ba ta saba ganinsa a bayan tebur yana sa hannu a takardar biyan kuɗi ba. In haka ta sake faruwa, ki mayar masa da kuɗinsa da hannu biyu, ki ce na gode, lafiyata ƙalau, aiki na zo nema, ga takarduna. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida, kuma kina iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa kyauta. Ban ce ki tafi kotu a kan wannan ba, tabbatar da irinsa yana da wuya kuma zai cinye miki lokacin da kike buƙata. Na faɗa miki ne don ki shiga ofis na gaba kin san cewa doka tana bayanki, ko da tafiyarta ta hawainiya ce.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, ki yi haƙuri. Shekara uku a zaune tana cin ilimi. Akantan yau ba a tambayarsa takarda kawai, ana zaunar da shi gaban kwamfuta a ce ya nuna. Idan hannunki bai faɗa da Excel ba, idan ba ki taɓa buɗe manhajojin lissafi irin su QuickBooks ko Sage ba, to ko an gyara matakala an sauko da tebur, wata za a ɗauka, kuma ba za ki iya cewa saboda ƙafa ba ne. Ba kowace ƙofa da aka rufe miki ce wariya ba. Dubban masu ƙafa biyu da irin takardarki suna zaune su ma. In wata ƙungiya za ta kashe kuɗi a kanki, wannan za ki roƙa: horon manhajar lissafi, ko kuɗin rajistar jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN, ko aron kwamfuta. Ki faɗa da bakinki. Jami'an nan sau da yawa suna da ɗan sarari a kasafinsu, amma ba wanda ya taɓa zuwa musu da buƙata takamaimai, kowa abin da aka miƙo yake karɓa.

Teburin Yaya kuma, kada ki ƙi. Na san yadda maganar ta yi miki zafi, kamar ya ce karatunki ya tashi a banza, kuma wataƙila a ransa tausayi ne ya sa yake so ya ajiye ki inda idonsa zai riƙa ganinki. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ki karɓa da sharaɗi biyu: jarin bashi ne da za ki biya, don kada gobe a ce ana ciyar da ke, kuma ranar da kike da intabiyu ko aiki a waje, akwai yaron da zai zauna. Sannan ki riƙe littafin teburin nan kamar na banki. Masu shagunan unguwarku da suke zuwa tura kuɗi, mai kemis, mai sayar da siminti, mai makarantar Islamiyya da ke karɓar kuɗin wata, yawancinsu ba su san ribarsu daga uwar kuɗinsu ba. Ki fara da ɗaya, ki daidaita masa lissafin wata guda kyauta, ki nuna masa inda kuɗinsa ke zurarewa. A garin da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau, wadda ta iya wannan ba ta rasa masu nemanta, kuma ɗan kasuwan da kika gano masa ɓatan dubu ɗari uku ba zai sake tuna da wace ƙafa kike takawa ba.

Ki gaida Umma. Ki ce mata in har tana so ta kashe wani abu a kanki, ta biya miki kuɗin data na wata uku da kuɗin adaidaita zuwa ofisoshin da na lissafa, wannan ba sai an taɓa gwal ba. Ki sake rubuto mini bayan sallah in ji wace ƙungiya ce ta iya amsa tambayar mutum nawa ne suke karɓar albashi.

Taki,
Anti